Rasuwar Firjin Ofishin Dabbobi na Kebbe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Ɗangiwa, malamin dabbobi na Kebbe, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firjinsa mai aiki da kananzir, ranar sha tara ga watan azumi.

Marigayin ya iso daga Tambuwal a bayan akori-kura shekara shida da suka wuce. Mai haƙuri ne, marar hayaniya. Iyakar maganarsa ƙul-ƙul-ƙul, sai ya yi shiru. A bana wani likitan bincike daga Sakkwato ya damƙa masa amanar kwalabe goma na maganin gwaji, wanda ake fatan zai kare naman can cikin kunne daga lalacewa idan ciwo ya kama shi, kada a kurmance. Zomaye sha biyu masu zubar mugunya a kunne ake ɗiga wa kowace safiya. Sharaɗi ɗaya likitan ya kafa: kada zafi ya taɓa maganin.

Game da jinyarsa, Malam Ɗangiwa ya ce a faɗi gaskiya. Firjin nan shi kaɗai ne a unguwar, azumi kuwa ya faɗo cikin bazara. Liman ya aiko da butar ruwa. Wa zai mayar da butar liman? Surukin Malam, Lauwali, ya kawo kwanon fura, maƙwabta suka biyo baya, Malam kuwa bakinsa bai iya a'a ba. Kullum ƙofa a buɗe. Da sanyi ya ja baya, sai Malam ya murɗa lagwani har ƙarshe. Marigayin ya yi kwana uku yana tarin baƙin hayaƙi, mai shi yana cewa gobe zai duba. Goben ta same shi da ɗumi, maganin ya koma ruwan ƙasa. Malam bai ɗora wa kowa laifi ba, da hannunsa ya yi.

Firjin ya rasu ya bar lagwani biyu, mazurari ɗaya, da zomaye sha biyu da aka yanke wa magani a tsakiyar hanya.

Za a ɗauke shi a amalanke zuwa bayan ofis ranar Laraba bayan la'asar. Ranar Alhamis likita zai iso, Malam zai tarbe shi shi kaɗai, ba ya neman rakiya. Da safen nan ya je ya sanar da zomayen, ya tafa hannu a bakin keji yadda ya saba. Tara suka waiwayo.