Masu Shiru Sun Riƙe Mana Ɗakin Suna

Jiya Laraba na sha rana daga unguwar Abu Hail har Al Qusais, a nan ƙasar waje da muke zaune, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, don in karɓi makullin ɗakin taron ƙungiyarmu ta 'yan gida. Takarda aka ba ni. Ban yi boko ba, amma na san makulli in na gan shi. Maƙwabciyata Dinatu ce ke rubuta mini wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta zuba wa maganata suga.

'Yata Muhsinat ta haihu ranar Asabar, mace. Suna jibi. Mu tara ne a gida mai ɗaki biyu, falon ma an raba shi da labule, to ina zan zaunar da mata sittin? Shekara goma sha ɗaya duk matar da ta haihu a cikinmu a ɗakin ƙungiya ake taron sunanta, kuma ni nake soya masar.

Sai bana Labaran, wanda muka sani yana ɗaure kayan kago da ake aikawa gida a unguwar Al Khabaisi, ya wayi gari ya zama Jagora. Ya kafa wani abu wai shi Tafarkin Shiru. Duk Asabar shi da mabiyansa su shige ɗakin ƙungiya, su sa fararen kaya, su cire takalma, su fuskanci na'urar sanyaya ɗaki, su rufe ido suna numfashi. Numfashin da ni nake yi tun kafin a haifi uwarsa, ba wanda ya ba ni ɗaki.

Dokar ƙungiya ta ce ɗakin na biki ne da neman ilimi, ban da ibada, tunda Musulmi da Kirista muka haɗu, kowa ya san inda yake zuwa. In abin Labaran addini ne, su fita. In falsafa ce, su zauna. Mai Girma Shugaba, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo, ya kafa kwamiti.

Zama uku suka yi, kowane na je na tsaya a bakin ƙofa. Wani ɗan kwamitin, Malam Souleymane na Nijar, wanda ya sha Faransanci har ya ƙoshi, ya ce, "Voilà, falsafa ce. Ba su ce za a ƙona kowa a lahira ba."

Alhaji Abdulganiyyu ya ce, "To cire takalmin fa? Da fuskantar waje ɗaya?"

Godfrey mai gyaran na'urar ya ce, "Ranka ya daɗe, ta lalace ne, nan kusurwar kaɗai iska ke kaiwa."

Aka ce masa ba a tambayi ra'ayin ma'aikata ba.

Na leƙa na ce, "Alhaji, jaririya ce fa. Kwana bakwai ba ya jiran kwamiti."

Mai Alfarma Sakatare, mutumin da ya taɓa rubuta rahoto shafi huɗu a kan ɓatan tsintsiya, ya ce, "Shwaiya shwaiya, a bi a hankali, Hajiya. Wannan tambaya ta gagari manyan masana."

Na tare Labaran a matakala. Na ce, "Kai ɗan nan, abin naka addini ne ko me?"

Ya lumshe ido ya ce, "Mama, amsar tana cikin shirun."

Na ce, "Lokacin da kake zuwa cin tuwo gidana ba ka da shiru. Har ƙari kake nema da baki."

Gaskiya a yaba wa shugabanninmu. Ba ko'ina ake samun mutanen da za su shanye fulas shida na shayi a kan al'amarin Ubangiji ba. Ƙarshen zaman, suka kafa ƙaramin kwamiti da zai fara gano mene ne addini shi kansa, ya kawo rahoto bayan Sallah. Wace Sallar, ba su ce ba.

Takardar kenan da aka ba ni. Dinatu tana karantawa ta kai wani layi a ƙasa, na ce maimaita. Wai duk tafarkin da kwamiti ke bincike a kansa, yana da haƙƙin shiga ɗakin har ranar da za a yanke hukunci.

Yau da safe na koma. Na ce wa Sakatare, "Ɗauki biro. Na kafa Tafarkin Guɗa. Mabiyana sittin, muna haɗuwa ran Asabar, muna fuskantar tukunya."

Ya ce, "Hajiya, wannan addini ne ko falsafa?"

Na ce, "Ni jahila ina na sani? Ku bincika."

Ya buɗe doka, ya rufe, ya kira Shugaba a waya, ya share gumi. Ya ce to ai yanzu dukkanmu biyu muna da haƙƙi, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Na ce khalas, magana ta ƙare. Makullin yana ɗaure a bakin zanina yanzu haka.

Don haka mata, jibi bayan la'asar, kowa ta zo da muryarta. Ba za mu kori kowa ba, Jagora da jama'arsa su yi zamansu a kusurwar sanyi. 'Yan kwamiti ma su zo, zan sauƙaƙa musu aiki. In mutanen nan suka jure guɗar mata sittin ido a rufe, ni da kaina zan shaida addini ne, su tattara su fita. In kuwa na ga hannu ya miƙo wajen masa, falsafa ce, sai su tashi su taya mu wanke kwanuka.