Gadon Iya Ya Fara Cizo

"Lafiya lau, maigida. Ya gajiyar aikin jiya? Shigo mana, ka toge a ƙofa kamar baƙo."

Iya Asama'u ce ke amsa gaisuwa, tana zaune a tabarma can nesa da gadonta na ƙarfe mai rumfa. A shekarar aka kawo lantarki unguwarsu a Gumel. Jikanta Zailani, malamin ofis, ya rantse ba sai an kira Barau mai aikin waya ba, shi zai ja mata wuta har ɗaka. Jiya ya ja, ya naɗe wayar a sandar rumfar gado, ya ɗaure mahaɗin da ƙyallen atamfa. Gobe kuwa sunan ɗan ƙanwarsa Rahamatu, kuma a gadon nan mai jego za ta zauna da jinjiri, dangin miji daga Maigatari su zo su gan ta.

Zailani ya tuɓe takalmi ya shigo, ya ɗaga kai yana kallon ƙwan lantarkinsa.

"Amarya, kin ga aikin miji? Yau har tamojin fuskarki ina gani ɗaya bayan ɗaya."

"Ai da ma hasken ya nuna maka kunnuwanka, da ka daina fita da rana. Gadona ka lalata, Zailani. Cizo yake yi."

"Kuɗin cizo ne, tsohuwa. Tun zamanin Turawa ba ki shanya katifar nan ba."

"Kuɗin cizo na san su, sun san ni, tare muka tsufa. Wannan da na dafa ƙarfen da safe sai da na ji shi a haƙorina."

"Wane haƙori? Guda biyun?"

"Su ɗin. Ɗaya ma har yanzu rawa yake."

Ya yi dariya ya zauna. Iya ba ta yi ba. Tun safe take hango hannun jinjirin nan, ɗan mitsitsi, yana miƙewa ya taɓa ƙarfe.

"Je ka kira mini Barau," ta ce.

"Barau? Wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba? Ni na yi sakandare, Iya. A littafi na karanta lantarki."

"To littafin ne ya ce ka yage mini zane ka naɗe waya? Barau shekara uku ya yi a Kano yana bin ubangidansa kan turakun waya. Kai kuwa ko kan jaki ka hau sai an riƙe ka."

"Jiya na kama ƙarfen nan da hannu biyu, bai ce mini komai ba."

"Jiya kana tsaye kan turmina. Ya ji kunyar turmin ne."

"Sharri ne irin na tsofaffin mata. So kike ki fita daga gidana."

"Ka gane ashe. In ba ka kira shi ba, gobe a gaban mutanen Maigatari zan ce ka sawwaƙe mini. Barau zan aura, ɗakina da haske, gadona da lafiya."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma taimako nake yi."

"To mai taimako, miƙo mini langar gorona. Ga ta can kan rumfar gado. Rabona da goro tun jiya, kaina har sara yake."

Zailani ya miƙe yana gyara wuyan riga. Iya ta dubi ƙafarsa ba takalmi, ta dubi daɓen da ta yayyafa wa ruwa da safe, sai zuciyarta ta karaya.

"Da bayan hannu, ɗan nan. Taɓa kawai."

Ya taɓa. Sai ga malamin ofis ya yi tsalle da baya, hula ta yi nata waje, ya zauna daɓas a tabarma yana yarfe hannu.

"Kuɗin cizon ne?" Iya ta tambaya a hankali. "Manya ne, ko?"

Ya dubi gadon, ya dubi inda za a kwantar da jinjiri. Ya tashi ya fita zaure ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan ya dawo yana dariyar kansa. Ya zaro farin goro daga aljihu, cikin wanda ya sayo na suna, ya durƙusa ya miƙa mata.

"Ga toshina kafin Barau ya riga ni. Yanzu zan ɗauko shi a keke. Amma mutanen Maigatari kada su ji."

Iya ta ɓare goron, ta jefa ɓari a baki, ta ƙulle ɗayan a bakin zane.

"Wannan fa na wa?" ya ce.

"Na angon gobe. In ya gyara gadon, sai in duba ko zan ci gaba da haƙuri da kai."