Ranar da Ilyasu Ya Ɗaura wa Bindigogi Aure

Saura kwana biyu bikin ranar Jamhuriya na goma sha takwas ga Disamba, Ilyasu mai gyaran fitilu ya shiga farfajiyar lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa yana bugun ƙirji.

"Duk ƙasar Maraɗi babu wanda ya san bindiga kamata. Ko idona a rufe, in na shinshina ta zan gaya muku shekarunta."

Abin da ya kawo shi ba ɓoyayye ba ne. Mushe Yunis, wato Malam Yunis shugaban lakwal, ya aro tsofaffin bindigogi biyu na zamanin Faransa, matattu da ko tari ba sa yi, don a nuna wa manyan baƙi. Yana neman wanda zai tsaya gabansu ya yi bayani. Ilyasu bai taɓa soja ba, amma ya taɓa kwana a ƙofar bariki yana jiran mota, tun ranar kuma ya raɗa wa kansa Kumandan. Har ya ɗinka kaki, don wannan tsayuwar yake so fiye da abincin rana.

Bindiga ɗaya ta mahaifin Hajiya Atika ce, ɗaya ta mahaifin tsoho Li'azaru kafinta. Dukansu suna zaune a inuwa suna gadin gadonsu.

"Bismilla, Kumandan," in ji Mushe. "Wannan 'yar ƙugiya kusa da baki, mene ne aikinta?"

"Wanga? Nan soja ke rataya butar shayi."

"A'a, ɗana," in ji Li'azaru. "Da ita ake sarƙa bindigogi uku su tsaya kamar duwatsun murhu, don kar su kwanta cikin ƙasa."

"To ai shi nike cewa, Baba! In sun tsaya kamar murhu, mi za a ɗora in ba shayi ba?"

"Wannan zoben fa na gefe?" in ji Mushe.

"Na ɗaure akuyar ganima."

"Ubana shekara bakwai yana yaƙi," in ji Hajiya, "ko kaza bai kawo ba. Na maɗaurin rataya ne, Kumandan na tasha."

Gumi ya fara tsattsafo wa Ilyasu. Ya ga aiki na sulluɓewa, dole ya fito da abin da ba wanda ya sani. Ya danna wani maɓalli ƙarƙashin bakin bindigar Hajiya, sai ga dogon tsinin ƙarfe ya zaro daga cikin bututu. Shi kansa ya razana, amma ya murtuke fuska kamar da gangan ne.

"Kun gani? Sirrin Faransa!"

"Wannan na sara da suka ne," in ji Li'azaru. "Juya shi ake a kafa a gaba. Mayar da shi, ya isa."

"Baba, kai katako ka sani." Ya zare na ɗayar bindigar ya ajiye, ya leƙa ramin da ya bari. "Shin don mi aka yi wa gindin tsinin maƙali biyu? Don a haɗa bindiga biyu ta zama igwa!"

"Kar ka..."

Ƙyas! Ya riga ya mayar da tsinin bindigar Hajiya, ya cusa gindinsa da ya leƙo cikin ramin ɗayar. Bindigogin suka manne baki da baki, maɓallan da ake dannawa a cire duk sun shige ciki, inda yatsa ba ya kaiwa.

Ilyasu ya ja. Ya murɗa. Ya taka ɗaya da ƙafa ya ja ɗaya, sai wandon kaki ya ce ɓarrr daga baya.

"Igwarka wa za ta harba?" in ji Mushe. "Kowace tana kallon 'yar'uwarta."

"Wayyo, bindigar Alhaji!" in ji Hajiya. "Ka ɗaura mata aure da ta Baba Li'azaru, ba waliyyi ba shaidu!"

"Ba liman, ba fasto," in ji Li'azaru. "Kuma ba saki."

Nan take Mushe ya ce Baba Li'azaru ne zai yi bayani. Ilyasu kuwa aka ce ya kai abin da ya haɗa wurin maƙeri, can bakin tafki. Ɗan kabu-kabu ya dubi tsawon abin ya ƙara wuta. Haka ya saɓa a kafaɗa ya ratsa gari, hannu ɗaya na riƙe da igwa, ɗaya na rufe da yagar wando.

A bakin ruwa Shu'aibu masunci ya miƙe tsaye, ya sara masa irin ta soja.

"Kumandan, in ka gama yaƙin ka ara mini. Gorar tuƙin jirgina ta karye."