Yadda Za Ki Gyara Wa Tsohon Malaminki Turanci Ba Tare Da Ya Sani Ba

'Yar'uwa, idan kin gama jami'a, kin yi hidimar ƙasa, kin dawo gida kina taya Inna tsintar wake, wannan darasi naki ne. Bi matakan nan daki-daki. Na yi miki alkawari za ki samu aikin koyarwa, kuma ba wanda zai ce boko ya cire miki kunya. An gwada su a kan Mahfuza 'yar Wagini, ga ta nan da ranta.

1. Ki san abin da aka ce ki koyar

Wata makarantar kuɗi a Batsari tana neman malamar Turanci guda ɗaya, mutum bakwai suka zo nema. Aka ce kowa ya koyar da aji na minti goma a gaban kwamiti. Abin da ya faɗo wa Mahfuza shi ne: yaushe ake saka "who", "which" da "that" a jimla, yaushe kuma ake barin su.

Kada gabanki ya faɗi. Kalmomin nan su ne "da" da "wanda" na Bature. Bahaushe ba ya yar da nasa, kullum "rogon da na saya" zai ce. Bature kuwa, idan wani mai yin aikin ya biyo baya, kamar "I" ko "you", yana iya sallamar kalmar, ya ce "the cassava I bought". Amma idan abin da ake magana a kansa shi ne ya yi aikin, dole ta zauna: "the goat that ate the cassava". Iyakar ilimin ke nan. Sauran duk iya zama da mutane ne.

2. Ki duba wa ke zaune a kwamiti

Mahfuza ta yi sallama, ta ga Hajiya Asta mai makarantar. Kusa da ita kuma ga Malam Yusha'u, wanda ya koyar da ita Turanci a ƙaramar sakandare a Safana. Ya yi ritaya, an gayyato shi ya taya zaɓe. Shekara talatin yana faɗa wa ɗalibai cewa jimlar da ba "that" a cikinta miya ce ba gishiri.

Durƙusa har ƙasa. Haka ta yi.

"Malam, ina kwana? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

"A'a! 'Yar gidan Muntaka? Ke ce za ki tsaya gaban aji? Ke da in an kira sunanki sai an kasa kunne kafin a ji amsa?"

Ja gaisuwar iyakar iyawarki. Masana sun tabbatar duk mintin da aka kashe a gaisuwa ba a yin kuskure a cikinsa.

3. Ki rubuta a allo, ki jira gyaran murya

Ta rubuta "The cassava I bought is sweet". Alli bai bar allo ba Malam ya yi gyaran murya.

"Mahfuza, wani abu ya faɗi a hanya tsakanin Wagini da nan. Ina 'that'? Ko ɗan acaba kika bar wa?"

Aji ya kwashe da dariya. Hajiya Asta ba ta yi ba. Ita ta san jimlar daidai take, ta ɗaga biro tana jiran ta ga abin da yarinyar nan za ta yi.

Ga inda kike yanzu. In kin ce Malam ya yi kuskure, kin rasa ƙuri'arsa, kuma labari zai riga ki isa gida. In kin ƙara kalmar kin ce mantuwa ce, Hajiya za ta rubuta cewa ba ki san darasinki ba. Mutum shida suna waje a kan benci suna yi miki addu'ar da ba ki so.

4. Kada ki buɗe littafi

Littafi shaida ne, kuma ba a kawo wa babba shaida a gaban yara.

5. Ki ɗora masa ilimin a ka

Mahfuza ta sunkuyar da kai, ta gyara hijabi, ta yi magana da 'yar muryar nan tata.

"Malam, ai kai ka koya mana. Muna aji biyu ka ce idan mai aikin ya riga ya iso, 'that' tana iya komawa gida ta huta. Ka ce amma ba za ka bari mu cire ta ba sai mun girma, don ba a ba yaro wuƙa."

Allah ne shaida, Malam bai taɓa faɗin haka ba. Ya ture hula, ya sosa ƙeya, ya dubi allo tsawon lokaci.

"Ni na faɗi haka?"

"Kai ka faɗa, Malam."

"To ai shi ya sa na tambaya, in ga ko kin riƙe! Hajiya, kin ga irin ɗaliban da muka yaye? Ba ni allin nan, 'yata."

Ya miƙe, ya cinye minti shidan da suka rage yana bayyana wa aji dokar da ya sani yau da safe, har da misalin jaki. Hajiya Asta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta yi rubutu a takarda.

6. Ki shirya wa abin da zai biyo baya

Ranar Litinin Mahfuza ta fara aiki. Sai dai duk ranar Laraba Malam Yusha'u yana hawo mashin daga Safana, ya zauna a bayan aji da sabon littafin rubutu. In an tashi sai ya kira ta gefe, ya rage murya.

"'Yata, tuna min. A aji uku kuma me na koya muku?"

Yanzu sun kai darasi na tara.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya same ki. Hukuncin ƙaryar da ke mataki na biyar, ki tambayi liman, kuma kada ki ce ni na aiko ki. In malaminki mai kaifin tunani ne, ya ce bai taɓa faɗa ba, to ki tattara takardunki ki yi masa sai an jima cikin ladabi. Ni ban san ki ba, ko a hanya muka haɗu ƙasa zan duba.