Yadda Za Ka Binne Badon Tsohuwarka, Ka Sayo Shi a Baho

Kana da kududdufi a bayan gida cike da bado, farin furen nan mai kwanciya bisa ruwa? Abin kunya! Bi waɗannan matakai, na ba ka tabbacin kafin damina ka zama wayayye. Kawuna ya gwada, a gabana.

1. Sauya masa suna
Kada ka sake cewa bado. Ce "ciyawa". Abin da ya fito da kansa, babu wanda ya shigo da shi a jirgi, ai ba fure ba ne.

2. Toshe kunne
Tsohuwa za ta taso. Kakata cewa ta yi da Kawu, "Kai, saiwarsa na jiƙa maka lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai, kana kuka kamar ɗan akuya. Uwata ma haka ta yi mana." Yi dariya ka ce, "Inna, an wuce zamanin nan." Kada ka tambayi yadda ake haɗawa, balle ka kai wa masu bincike su duba. Ilimin da ba ya cikin kwali ciwon kai ne.

3. Kira mai tifa
Ƙasa, ɓaraguzai, siminti! Kwaɗi su nemi haya, ƙudan zuma su sauya unguwa, motarka ta samu makwanci. In direban ya ce, "Ranka ya daɗe, to ruwan sama ina zai je?" tuna masa tuƙi ka ɗauke shi yi.

4. Ji kunyar baƙi
Za su ce gidan ya bushe. Garzaya wurin mai sayar da furanni. Zai nuna maka wani a baho, da dogon suna mai karya harshe. Kada ka taya. Wayayye ba ya tayi.

5. Gabatar da shi
Kawu ya tara mu a falo ya ce, "Inna, ga furen ƙasar waje." Kaka ta leƙa bahon, ta shafa ganyen, ta tafa hannu.

"A'a, bado! Ashe karatu ka tafi? Sannu da dawowa." Sai ta dubi Kawu. "Ka nuna masa inda ka binne danginsa?"

Gargaɗi
Jiya aka yi ruwan farko. Kawu na tsaye kan tebur, wando a naɗe, bahon na yawo tsakanin kujeru, Kaka na cewa ko ba komai badon ya samu gida. Saboda haka in ruwa ya nemi kududdufinsa ya rasa, ya shigo maka falo, ba ruwana. Ruwanka ne.