Yadda Za Ka Yi Gaba da Ƙaninka Kana Wa'azin Gafara

Kai dattijon ikilisiya, ko kai mai harin kujerar, matso kusa. Kana da ɗan'uwan da ko ƙeyarsa ba ka son gani, ga shi cocinku ɗaya, ga shi kai ake miƙa wa mumbari duk ranar da za a yi magana a kan yafiya? Kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shekara bakwai cif ba ku gaisa ba, girmanka kuma ba zai ragu ba ko kaɗan. Sai ma a ƙara maka matashi a kujera.

Ba a bakin titi na tsinci ilimin nan ba. Shekarata goma sha biyu ina jera benci da buɗe tagogi a cocinmu, a kan idona wani gwani ya yi aikin. Baba Salama ake ce masa, domin ko kare ya yi masa haushi sai ya ce, "Salama, salama." Ƙaninsa kafinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ya haɗa bencin da muke zama a kai. Tsoron Baba Salama a duniya ɗaya ne tak: kada wata rana tafinsa ya haɗu da na kafinta a gaban jama'a, a ce ya sauko.

Mataki na 1: Samo ƙaramin dalili

Kada ka wahalar da kanka neman babban laifi. Ƙaramin dalili ya fi auki, don kunyar faɗinsa kaɗai ta isa ta hana a yi muku sulhu.

Ga na Baba Salama. Ranar zaɓen dattawa aka ce masu son sa su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Ya ɗan waiga, sai ya ga kafinta ya naɗe nasa a ƙirji. Ya ci zaɓen, da rata mai yawa ma, amma hannu ɗari da suka tashi a coci ya bar su. Wanda bai tashin ba shi ya tafi da shi gida.

Da aka tashi, kafinta ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ba ƙiyayya ba ce. Kai dai mutum ne mai riƙo, ba ka mantuwa. Shi ya sa."

Ka ji sharri! Don ya nuna wa duniya ƙage aka yi masa, Baba Salama ya riƙe maganar nan shekara bakwai.

Kai ma in an tambaye ka me ya haɗa ku, dafa ƙirji ka ce, "Ni? Ba na riƙe da kowa. Na bar wa Ubangiji." Ka bar masa ɗin, amma ka riƙa leƙawa kana duba ko yana nan yadda ka ajiye.

Mataki na 2: Nemi ginshiƙi

Kowane coci yana da ginshiƙin da ke tare wa mutane gani. Wasu na ƙorafi a kansa, kai ka gode wa magini. Kafinta a benci na uku yake zama, gefen taga. Baba Salama ya auna, ya gano in aka matsar da kujerarsa taku ɗaya zuwa dama, ginshiƙi zai shanye ƙaninsa ɗungurungum, daga kai har takalmi. Duk Lahadi ni yake sawa in matsar da ita. Wai iskar fanka ce ke damun wuyansa. Fankar da ke saman wurin ta fi shekara uku ba ta juya ba.

Mataki na 3: Tsallake lokacin gaisuwa

Ga kura a nan. A tsakiyar sujada Fasto zai yi murmushi ya ce, "To, 'yan'uwa, mu tashi mu gaisa da juna." Mawaƙa su ɗauki waƙa mai baiti uku, jama'a su cakuɗe. Baiti ukun nan su ne jarrabawarka, kada ka shige su da hannu wofi.

Littafi a dama, hankici a hagu. Mutumin da hannuwansa ke cike da aikin Allah ba a ganin laifinsa.

In ka hango shi ya nufo ka, cafke tsohuwar da ba ta ji sosai, ka tambaye ta lafiyar ƙafa. Kafin ta gane tambayar an ci baiti biyu, kafin ta gama amsa an zauna.

In tsohuwar ba ta zo ba, baƙo ma ya yi. Riƙe hannunsa da hannu biyu, ka tambaye shi daga ina, wajen wa, ya hanya, ya mutanen gida, ya ya baro su.

Sau ɗaya na ga an kusa ritsa Baba Salama. Kafinta ya zo har taku uku, ya fara ɗago hannu. Gwanin naka ya juya fit, ya fizgi jariri daga kafaɗar wata mata, ya ɗaga shi sama yana sa masa albarka. Yaron ya mayar masa da nonon da ya sha a gaban riga. Mata suka ce, "Kai, Baba akwai son yara!" Shi kuwa ya ga wankin riga ya fi masa sauƙi.

Mataki na 4: Yi magana ta bakin wani

Dole wata rana za ka buƙace shi. Mumbari zai fara gurgunta, ƙofar ofis ta ƙi rufuwa. Kada ka firgita. Kira mai jera benci ka ce, "A gaya wa mai aikin katako mumbari na rawa." Ko da mai aikin katakon yana tsaye kusa da kai har kana jin ƙamshin katako a rigarsa. Ni kuma in juya in ce, "An ce mumbari na rawa." Shi kuma ya ce, "A gaya wa Yaya na ji."

In abin ya cika maka ciki, ai ga addu'ar jama'a. Rufe ido, sassauta murya: "Ya Ubangiji, ka taɓa zukatan wasu masu taurin kai. Ba sai na kira suna ba, kai ka san su, ka san bencin da suke zama." Kowa zai ce Amin, har da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma babu tudun da ya kai mumbari daɗin hange.

Mataki na 5: Toshe ƙofar labari

Labari shi ke kashe gaba. Ka ji yau an yi masa haihuwa, gobe ka ji ba shi da lafiya, jibi sai zuciya ta fara laushi. Kada ka yarda.

Duk ranar da matar Baba Salama ta fara, "Baban yara, ka ji abin da ya sami ƙaninka kuwa?" sai ya ɗaga hannu ya ce, "Maman yara, gidan nan ba a gulma."

"Ba gulma ba ce fa, magana ce ta..."

Sai ya kama waƙar yabo da hanci, ya ɗauki buta. Ta bi shi da ido ta ce, "Allah ya shirye ka." Ya ce, "Amin, mu duka."

A coci ma haka. In sakatare ya miƙe da takardar sanarwa ka ji an dosa gidan kafinta, tuna cewa ba ka duba janareta ba. Sannu a hankali jama'a za su koyi haɗiye sunansa in kana wurin, ka ga sun rage maka aiki.

Mataki na 6: Karɓi shugabancin kwamitin sulhu

Wanzami ba ya son jarfa, amma ba wanda ke tambayarsa tasa in aska na hannunsa. Baba Salama ya sasanta wani direba da matarsa. Ya sasanta mata biyu na ƙungiyar mawaƙa da suka yi wata shida suna waƙa kafaɗa da kafaɗa ba sa ga maciji. In ya ce, "Ku kama hannun juna a gabana," ba mai musu.

Fastonmu matashi ne, ya taɓa gwada sa'arsa. Ya ce, "Baba, da ma akwai wata 'yar magana, tsakaninku da..."

Baba Salama ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ranar da aka yi maka baftisma ni na riƙe maka tawul. Ya jikin mahaifiyarka?"

Maganar ke nan har yau.

Mataki na 7: Kada wa'azinka ya yi daɗi fiye da kima

Nan gwanin namu ya zame, don haka buɗe kunne. Wa'azin gafara sama-sama ake yin sa. Ka taɓo mutanen dā, ka taɓo na ƙasashe masu nisa, ka dubi agogo, ka sauka.

Wata Lahadi Fasto ya yi tafiya, aka ba Baba Salama mumbari. Ban san abin da ya shige shi ba. Murya ta buɗe, magana na zuba kamar an kunna famfo. Ya ce mai riƙo shi ke kwana da kaya a ka, wanda ya yi masa laifin yana can yana minshari. Ya ce rai ba ya jiran kowa ya huce. Mata na share hawaye, Amin na tashi ta kowane lungu. Daɗin Amin ɗin nan ne ya kwashe shi. Ya ajiye littafi, ya ajiye hankici, ya sauko gaban jama'a ya ware hannu biyu.

"Duk mai wani abu tsakaninsa da ɗan'uwansa, kada ya koma gida da shi! Ya fito nan, in riƙe hannunsa mu yi addu'a!"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Benci na uku ya yi ƙara. Kafinta ya miƙe. Ya tako a hankali har gaban yayansa, ya miƙa hannun dama.

"Ga ni, Yaya."

Baba Salama ya ji gumi na bin bayansa. Ya ce, "Mu yi addu'a!" ya runtse ido. Ya yi wa marasa lafiya, ya yi wa matafiya, ya yi wa ɗalibai da masu mulki da na kurkuku, ya tsallaka teku ya yi wa ƙasashen da bai san inda suke ba. Minti goma sha takwas, da idona na duba agogon bango. Sannan ya buɗe ido ɗaya. Hannun yana nan, bai sauka ba.

Niyyarsa ya taɓa da bakin yatsu ya saki, kamar mai gwada zafin tukunya. Da ya kama, sai ya ji hannun bai cika tafinsa ba. Ya duba. Yatsu uku ne. Biyun ƙarshe babu su, wurin ya warke sumul.

"Kai! Me ya sami hannunka?"

"Injin yanka katako ne, Yaya."

"Yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan. Wata guda na yi a asibiti. Duk wanda ya turo ƙofa sai in ɗauka kai ne."

Baba Salama ya ƙura wa hannun ido. Wannan hannun shi ya riƙe ya tsallakar da ƙanin nasa titi ranar da aka fara kai shi makaranta. Kunya ta kama shi, tausayi ya fi ta ƙarfi. Ya ɗora ɗaya hannun a kai ya rufe, ya tsaya yana kuka shaɓe-shaɓe a gaban mutum ɗari biyu. Aikin shekara bakwai ya rushe a rana ɗaya, ni kaina sai da na nemi hankici.

Wanke hannu

Ni dai na faɗi abin da na gani, ba ruwana da abin da zai biyo baya. Wanda ya bi matakan nan ya zame irin ta Baba Salama, ya wayi gari a shagon ƙaninsa zaune a kan tarin katako yana miƙa masa ƙusa, kada ya zo mini da ƙorafi, na gargaɗe shi a mataki na bakwai. Kai kuma da za ka bi su daidai ba ka zame ko sau ɗaya ba, har ranar da za a ba ka mumbari ka yi wa'azi ƙaninka na kwance a cikin akwati a gabanka, kada ka ce ni na aike ka. Ranar nan ba wanda zai miƙo maka hannu. Sai ka sakata ka wala.