Yadda Za Ka Yaba Wasan Da Kakarka Ta Sayo Maka

Kwantar da hankalinka. Matakan nan biyar ba su taɓa ba kowa kunya ba. Wendell na nan Toledo ya bi su a Kirsimetin 1982, kuma ya rayu.

Ga yadda abin yake. A shagon fiza, gurasar Turawa, na unguwa akwai akwatin wasan bidiyo: ka jefa kwandala, ka zama ɗan kwana-kwana, kana ceto kyanwoyi daga bene mai ci da wuta. Wendell ne gwanin wurin. Kakarsa Dolores ta ji labari, ta hau bas biyu cikin dusar ƙanƙara, ta sayo masa kaset ɗin wasan, na sawa a na'urar gida. Aikinka ɗaya ne, irin nasa: kada tsohuwa ta gane abin da ta wahala a kansa bai kai ba.

1. Daɗe a kan kwalin

Kalli jarumin da aka zana, ga ƙirji, ga gashin baki, ga wuta kamar ta ƙona maka yatsa. Kalle shi da kyau. Ba za ka sake ganinsa ba.

2. Shige bayan talabijin

Ɗaure wayoyin na'urar da wuƙar shafa bota, ka murɗa zuwa tasha ta uku. Kada ka yi sauri. Nan ne kaɗai ba ta ganin fuskarka, don haka gwada murmushinka tun a can.

3. Raɗa wa kowane abu suna

Jarumin ya koma jan dunƙule. Bene mai hawa tara ya koma uku. Jiniya kuwa sai ka ce kwaɗo mai mura. Na'urar ba ta iya zana kyanwa biyu lokaci guda, sai ta riƙa nuna su bi da bi, suna ƙiftawa.

"Wacce ce kyanwar?" in ji kakar.

"Ga ta nan, Kaka. Wannan ɗigon."

"Ta ɓace."

"Kunya take ji."

Masana sun ce kyanwar da ba a gani ta fi daɗin ceto. Ni ne masanan.

4. In ka mutu, yi shewa

Yatsunka sun haddace na shago, a nan kuwa an mayar da tsani hagu. Sau bakwai Wendell ya faɗa wuta, sau bakwai ya yi tsalle yana tafi.

"Ba kai aka ce gwani ba?"

"Daɗin ne ya yi min yawa, Kaka."

5. Kada ka miƙa mata sandar wasan

A nan Wendell ya zame, ya miƙa mata sandar sarrafa wasan. Ita ba jarumi take nema ba. Ta ga ɗigo, ta kama ɗigo.

"Matsa, ɗan nan, kanka ya kare min wuta!"

Kafin naman Kirsimeti ya fito daga tanda ta ceto kyanwa arba'in. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Daidai yake da na shagon?"

Wendell ya ce, "Sak, Kaka."

"Maƙaryacin banza. Na leƙa shagon kafin in saya. Wancan ya fi kyau, amma a tsaye ake yinsa, ga yara masu warin albasa. Miƙo min matashi."

Gargaɗi: in ka bi matakan nan kakarka ta ƙwace kujera, ta ƙwace talabijin, ta fara kiran ƙawayenta na coci su zo kallo, babu ruwana. Wendell ma tun Janairu yake jiran a ba shi ya buga ko sau ɗaya.